Kasuwar Da Ke Ci Sau Goma A Shekara: Yadda Ranar Wasa Ke Juya Kuɗi A Filin Lambeau Na Amurka

A garin Green Bay da ke jihar Wisconsin, can arewacin ƙasar Amurka, akwai wata kasuwa wadda ba ta ci sai kamar sau goma a shekara. Duk ranar da ta ci kuwa, mutane wajen dubu 80 ne ke hallara a cikinta, alhali yawan mazauna garin baki ɗaya bai wuce dubu 107 da 'yan kai ba, bisa ga ƙidayar shekarar 2020. Wannan kasuwa ita ce filin wasa na Lambeau, gidan ƙungiyar Green Bay Packers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 32 da ke fafatawa a babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, wadda aka fi sani da NFL.

Dalilin da ya sa wannan fili ya cancanci nazarin ɗan kasuwa shi ne, a duk ƙungiyoyin nan 32, Packers ce kaɗai ke bayyana lissafin kuɗinta ga jama'a kowace shekara. Sauran duk mallakar attajirai ne da iyalansu, kuma littattafansu a rufe suke. Saboda haka ta wannan ƙungiya ce masana ke leƙa cikin harkar, su ga abin da rana guda ta wasa ke kawowa, da kuma yadda aka tsara kowane mataki na ranar, tun daga wurin ajiye mota har zuwa busa ta ƙarshe, domin baƙo ya zo da wuri, ya daɗe, ya kuma yi ciniki.

Ƙungiyar da ba ta da uban gida

A shekarar 1919 ne Earl Lambeau, wanda ake yi wa laƙabi da Curly, tare da wani ɗan jarida mai suna George Calhoun, suka kafa ƙungiyar. Kamfanin sarrafa nama na Indian Packing, inda Lambeau ke aiki, shi ya ba da dala 500 aka sayi rigunan wasa, daga nan ne kuma sunan ƙungiyar ya samo asali. Da kuɗi suka yi ƙaranci a 1923, sai aka mai da ita kamfanin jama'a, aka sayar wa mutanen gari hannun jari a kan dala 5 kowane ɗaya. An sake yin irin wannan sayarwa a 1935, 1950, 1997, 2011 da kuma 2021, lokacin da hannu ɗaya ya kai dala 300, aka kuma tara fiye da dala miliyan 60.

Wannan hannun jari ya sha bamban da wanda aka saba gani a kasuwar hannayen jari. Ba a raba riba a kansa, ba a sake sayar da shi ga wani don neman ƙari, ba ya kuma bai wa mai shi damar samun tikitin kallo. Abin da yake bayarwa shi ne takardar shaida da ake ratayawa a bango, da ikon jefa ƙuri'a wajen zaɓen daraktoci. Duk da haka, mutane sama da dubu 500 ne ke riƙe da shi a yau. Dokar gasar ba ta yarda wata ƙungiya ta bi wannan tsari ba, an dai bar Packers ne saboda ta riga dokar zuwa.

Shi kansa filin an buɗe shi a 1957, aka kuma sanya masa sunan Lambeau a 1965, shekarar da wanda ya kafa ƙungiyar ya rasu. Bayan faɗaɗawa iri-iri, yanzu yana ɗaukar mutane 81,441. Kakar wasa tana farawa a watan Satumba ta ƙare a farkon Janairu, kafin a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Tun daga 2021 kowace ƙungiya wasa 17 take bugawa, takwas ko tara a gida, sai kuma ɗaya ko biyu na share fage. Ta haka ne ranakun kasuwar suka zama goma.

Shiri tun kafin ranar

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Galibin wasannin ranar Lahadi ake yin su, da yawa daga ciki da ƙarfe 12 na rana agogon yankin, amma tun ranar Juma'a baƙi ke fara sauka. Otal-otal na garin kan ɗaga farashi a irin wannan mako, da yawa kuma kan ƙa'ida wa baƙo ya kama ɗaki na kwana biyu. Wanda bai samu ba yakan gangara Appleton, mai nisan kimanin kilomita 50, wasu kuma su taso da asuba daga Milwaukee, babban birnin kasuwancin jihar, mai nisan kusan kilomita 190.

Sanyi babban abokin hamayya ne a wannan wuri, domin filin ba shi da rufi. A ranar 31 ga Disamba, 1967, an buga wasan ƙarshe na gasar tsakanin Packers da Dallas Cowboys a cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, Packers ta yi nasara da maki 21 da 17, kuma har gobe ana labarin wannan rana. A yanzu akwai bututun ɗumama ƙasa da aka shimfiɗa ƙarƙashin ciyawar don kada ta daskare, da fitilu na musamman da ake jerawa a kanta don ta ci gaba da tsiro idan hasken rana ya ragu. Idan dusar ƙanƙara ta rufe wuraren zama kafin wasa, ƙungiyar kan yi shela ga mutanen gari, ɗaruruwa su fito a ba su shebur, su kwashe, a biya su gwargwadon sa'o'in da suka yi.

Kasuwar bakin ƙofa

Ana buɗe babban wurin ajiye motoci na filin sa'o'i huɗu kafin a take wasa, nan ne kuma ranar ke farawa a zahiri. Al'adar Amurkawa ce kowane iyali ko gungun abokai su buɗe bayan motarsu, su fito da murhun gawayi, tebur da kujerun naɗewa, su yi gashi, su ci su sha har lokacin shiga ya yi. A Wisconsin, inda zuriyar Jamusawa ke da yawa, abin da aka fi gasawa shi ne tsiran alade irin na Jamus, a haɗa da cuku da giya. Wasu ma ba su da tikitin shiga, suna zuwa ne don wannan walima kawai, in an fara wasa su kalla a talabijin a gidajen abinci na kusa.

Filin Lambeau ya bambanta da sababbin filaye ta wata fuska, domin a tsakiyar unguwar zaman jama'a yake, kuma wurin ajiye motocinsa ba ya ɗaukar ko da rabin masu zuwa. Wannan gibi ya zama hanyar neman kuɗi ga maƙwabta. Magidanta kan tsaya bakin titi da allon farashi a hannu, suna yafito direbobi su ajiye mota a farfajiyar gidajensu, kusa da fili da tsada, nesa da araha. Coci-coci da makarantu da shaguna su ma kan ba da filayensu haya. Wasu gidajen da ke daura da filin an saye su an gyara su ne musamman don a riƙa ba kamfanoni da ƙungiyoyin abokai haya a ƙarshen makon da ake wasa.

A cikin wannan taro mai karatu zai ga mutane sanye da wata irin hula rawaya mai kusurwa uku, wadda aka yi da soso kamar yankin cuku. Jihar Wisconsin ta fi kowace jiha a Amurka yin cuku, maƙwabtansu kuma kan zolaye su da cewa kawunansu na cuku ne. A 1987 wani mutumin Milwaukee mai suna Ralph Bruno ya yanko soson wata tsohuwar kujera, ya sassaƙa hular, ya mai da zagin abin alfahari, daga baya ya kafa kamfanin Foamation yana sayarwa. A 2023 ƙungiyar Packers ta saye kamfanin, hular ta zama hajarta.

Tikitin da ake gado

Ana buɗe ƙofofin shiga sa'o'i biyu kafin wasa. Tun daga 2013 hukumar gasar ta hana shiga da jaka sai wadda ake ganin cikinta, domin tsaro da kuma saurin bincike. Tikiti ya koma cikin wayar hannu, ciniki a ciki kuma da kati ne ko waya. Wannan sauyi ya rage layi, ya kuma ba ƙungiyar damar sanin wanda ya shigo, da lokacin da ya shigo, da abin da ya saya, labarin da takardar tikiti da tsabar kuɗi ba sa bayarwa.

Tun daga shekarar 1960 ake sayar da tikitin wasannin gida na Packers ƙarƙaf. Kusan dukkan kujerun na hannun masu tikitin kaka ne, watau waɗanda ke biyan kuɗin wasannin shekara a dunƙule tun kafin a fara. Rajistar masu jiran samun irin wannan tikiti ta haura mutum dubu 140, kuma 'yan kaɗan ne ke sakin nasu a shekara, shi ya sa iyaye kan rubuta sunan jariri a rajistar tun yana cikin zanen goyo. An yarda tikiti ya wuce daga uba zuwa ɗa, har yakan shiga cikin wasiyya.

Akwai wata dabara ta riƙe abokin ciniki da ta cancanci a ambata. Shekaru da dama ƙungiyar na buga wasu wasanninta na gida a Milwaukee, har zuwa 1994 da ta daina. Maimakon ta yi watsi da masu tikitin can, sai ta raba kakar gida biyu, ta ware masu wasu wasanni a Lambeau kowace shekara. Da haka ta riƙe babbar kasuwar jihar, ta kuma sa kujera ɗaya ta zama tana da masu ita biyu. Wanda ba ya cikin ɗayan rukunin biyu, sai ya nemi tikiti a hannun masu sake sayarwa ta intanet, inda farashi ke hawa da sauka gwargwadon girman abokin karawa da kuma hasashen yanayi. Ko a farashin ƙungiya, kujerar wasan kaka ta haura dala 100.

Minti goma sha ɗaya cikin sa'o'i uku

Da yake yawancin masu karatu sun fi sanin ƙwallon ƙafa, ya kamata a ɗan bayyana wasan. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a cikin fili mai tsawon yadi 100. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo na da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ya cim ma haka a ba shi wasu huɗun, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6. Bayan kowane yunƙuri akan tsaya a sake jeri. Agogon wasa minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu na minti 15, amma saboda yawan tsayawa wasan kan ɗauki sama da sa'o'i uku. Wani bincike da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2010 ya gano cewa lokacin da ƙwallo ke motsi a zahiri bai wuce minti 11 ba.

Ragowar lokacin shi ne hajar da ake sayarwa. A gefen fili akwai jami'in da ke sanye da dogayen safar hannu ruwan lemo, wanda ke yi wa alƙalin wasa ishara idan gidan talabijin ya tafi talla, kuma ba za a ci gaba ba sai ya ba da alama. Mai kallo a gida yana ganin tallace-tallace, wanda ke cikin fili kuma ana cika masa lokacin da kiɗa, da gasa iri-iri a manyan allunan hoto, kowace da sunan kamfanin da ya ɗauki nauyinta. A nan ne kuma yake samun sukunin tashi ya sayo abinci.

Yawancin wuraren zama na ƙasa a Lambeau dogayen bencina ne na alminiyam marasa majingina, an rubuta wa kowa lambarsa. A watan Disamba, da kowa ya jibga rigunan sanyi, wurin kan matse sosai. Ko wannan ya zama kasuwa, domin akwai masu ba da hayar matashin zama mai majingina. Akwai kuma al'adun da ke sa mutum ya ji ba a banza ya sha sanyi ba: taken ƙasa da jama'a ke tsayawa a rera, jiragen yaƙi da kan gifta ta sama a wasu wasannin, da tsallen da ɗan wasan Packers kan yi ya faɗa hannun 'yan kallo idan ya ci maki, abin da LeRoy Butler ya fara a watan Disamba na 1993.

Ɗakunan alfarma da rabon kuɗi

Sama da bencinan, a bayan gilashi, akwai ɗakunan alfarma masu ɗumi, da abinci da masu hidima. Bankuna, kamfanonin inshora da masana'antu ke kama su na shekaru, su riƙa gayyatar abokan hulɗarsu. Kamfanin da ke neman kwangila na samun sa'o'i huɗu tare da wanda zai sa hannu, a wurin da ba a cika ƙin amsa gayyata ba.

Muhimmancin waɗannan ɗakuna na da alaƙa da ƙa'idar rabon kuɗi ta gasar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikitin kujerun gama-gari ana zuba shi ne a asusu guda, a raba wa ƙungiyoyi duka daidai wa daida. Kuɗin hayar ɗakunan alfarma, da na tallar cikin fili, da na ajiye mota da abinci, akasarinsu na zama a aljihun mai gida. Wannan ne ya sa duk sabon filin da aka gina a shekarun baya-bayan nan ya fi ba da ƙarfi ga wuraren zama masu tsada. Ƙungiyoyi da dama kuma kan sayar da lasisin kujera, watau kuɗin da mutum zai biya sau ɗaya kafin ma a ba shi izinin sayen tikitin kaka. A filin Dallas Cowboys da aka buɗe a 2009, lasisin kujera mafi tsada ya kai dala dubu 150.

Suna ma haja ne. Filin da aka buɗe a yankin Los Anjelis a 2020, wanda gininsa ya ci kimanin dala biliyan 5, yana ɗauke da sunan kamfanin hada-hadar kuɗi na SoFi bisa yarjejeniyar shekaru 20. Packers ba ta sayar da sunan Lambeau ba, sai ta sayar da sunayen ƙofofin shiga ɗaya bayan ɗaya ga masu ɗaukar nauyi, cikinsu har da al'ummar Oneida, 'yan asalin ƙasar da ke maƙwabtaka da garin.

Darasin farashin abinci

Rumfunan abinci a filayen wasa na Amurka sun yi ƙaurin suna wajen tsada, domin wanda ya shiga ba shi da wani zaɓi. A Lambeau, da yawa daga masu tsayawa a rumfunan 'yan sa kai ne daga coci-coci, makarantu da ƙungiyoyin matasa, waɗanda ake ba ƙungiyarsu wani kaso na cinikin da suka yi. Ta haka ake samun ɗaruruwan ma'aikata na rana guda, jama'ar gari kuma su amfana. Ana daina sayar da giya da zarar kashi na uku na wasan ya ƙare, don rage hatsaniya da haɗarin tuƙi.

Gwaji mafi shahara a kan farashi an yi shi ne a birnin Atlanta na jihar Georgia. Lokacin da aka buɗe filin Mercedes-Benz a 2017, mai ƙungiyar Atlanta Falcons, Arthur Blank, wanda da shi aka kafa rukunin shagunan Home Depot, ya karya farashi: lemon kwalba dala 2 kuma a ƙara kyauta, ruwa dala 2, burodi da tsire dala 2. An sa farashin ba tare da ɓurɓushin canji ba, haraji a ciki, aka kuma fitar da injinan zuba lemo daga bakin kanta don kowa ya zuba da kansa, layi ya yi sauri. A ƙarshen kakar farko ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa abin da kowane ɗan kallo ke kashewa a kan abinci da abin sha ya ƙaru da kashi 16 cikin 100, kuma mutane sun fara shiga fili da wuri maimakon su ƙoshi a waje. Mutumin dillanci ne ya kawo wa harkar wasa abin da kowane mai kanti ya sani, cewa riba ƙalilan a kan ciniki mai yawa takan fi riba mai tsoka a kan ciniki kaɗan.

Abin da littafin lissafi ya nuna

A shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2025, Packers ta bayyana kuɗin shiga dala miliyan 719.1. Daga ciki, dala miliyan 432.6 kasonta ne daga asusun ƙasa, wanda kowace ƙungiya ke samun daidai da shi, kuma akasarinsa daga gidajen talabijin yake fitowa. In aka ninka shi sau 32 za a ga gasar ta raba sama da dala biliyan 13.8. Tushen wannan kuɗi shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a 2021 da CBS, NBC, Fox, ESPN da Amazon, wadda darajarta ta haura dala biliyan 100, kuma aka tsara ta daga 2023 zuwa 2033. Ragowar dala miliyan 286.4 kuɗin gida ne, watau tikiti, ɗakunan alfarma, talla, abinci da kayan sawa. Ribar gudanarwa ta tsaya a dala miliyan 83.7.

Ke nan kimanin kashi 60 cikin 100 na zuwa ne ko da kowa bai taka filin ba. Sai dai wannan kaso kusan albashin 'yan wasa da alawus ɗinsu ke lashe mafi yawansa, domin iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya a 2025 ta kai dala miliyan 279.2, ban da sauran haƙƙoƙi. Bambanci tsakanin ƙungiya mai wadata da mai lallaɓawa yana fitowa ne daga kuɗin gida.

Annobar korona ta auna wannan a fili. A kakar 2020 an buga wasannin Lambeau na kaka ba tare da masu tikiti ba. Kuɗin gida ya faɗo daga dala miliyan 210.9 zuwa dala miliyan 61.8, watau asarar kusan dala miliyan 149, ƙungiyar kuma ta yi hasarar gudanarwa ta dala miliyan 38.8, duk da cewa kason talabijin ya ƙaru. A wannan kaka sai da gidajen talabijin suka riƙa sanya ihun 'yan kallo da aka naɗa, domin wasa a fili shiru ba ya jan mai kallo a gida. Can baya, daga 1973 zuwa 2014, dokar gasar ita ce idan ba a sayar da tikiti duka ba sa'o'i 72 kafin wasa, ba za a nuna shi a talabijin a garin ba, don kada allo ya kashe ƙofa. An jingine dokar a 2015. A yau cikakken fili wani ɓangare ne na abin da ake sayar wa talabijin.

Sauran ranakun shekara

Gini mai tsada da ke aiki kwana goma kacal jari ne a kwance. Gyaran da aka kammala a 2003 a kan dala miliyan 295 ya ƙara wa Lambeau wani katafaren zaure mai rufi da ke buɗe duk shekara, mai ɗauke da kantin kayan ƙungiya, gidan tarihi, gidan abinci da ɗakunan taro da na bukukuwan aure. Ana kuma zagayawa da masu yawon buɗe ido a kan kuɗi. A 2017 ƙungiyar ta buɗe unguwar Titletown a yamma da filin, mai otal, asibitin 'yan wasa, wurin shaƙatawa, ofisoshi da gidaje. Mawaƙi Paul McCartney ya yi wasa a filin a 2019, ƙungiyoyin Bayern Munich da Manchester City sun kara a cikinsa a watan Yuli na 2022, sa'an nan a watan Afrilu na 2025 aka yi bikin zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar a harabarsa, inda aka ƙiyasta halartar mutane dubu 600 cikin kwana uku.

Wa ke biyan kuɗin ginin

Ba ƙungiya kaɗai ke ɗaukar nauyin waɗannan gine-gine ba. A watan Satumba na 2000 mazauna gundumar Brown, inda Green Bay take, sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka amince da ƙarin harajin sayen kaya na rabin kashi ɗaya cikin 100 don gyaran filin, da rinjayen kashi 53 cikin 100, kuma an ci gaba da karɓarsa har 2015. A Las Vegas an zuba dala miliyan 750 na harajin ɗakunan otal a filin da aka buɗe a 2020. A Buffalo, jihar New York da gundumar Erie sun ɗauki alkawarin dala miliyan 850 don sabon fili.

Masu goyon bayan wannan kan kafa hujja da cikar otal-otal da ayyukan yi. Yawancin masana tattalin arziki ba su gamsu ba. Tun a 1997 Roger Noll da Andrew Zimbalist suka fitar da wani babban nazari ta hannun cibiyar Brookings, wanda ya nuna cewa filayen wasa ba sa haɓaka arzikin gari gwargwadon abin da ake kashe masu. Hujjarsu ita ce, kuɗin da mutumin gari ya kashe a fili kuɗi ne da da ma zai kashe a wani gidan abinci ko silima na garin, ayyukan kuma galibi na wucin gadi ne. Green Bay na da ɗan sassauci a wannan lissafi, domin ƙaramin gari ne da yawancin 'yan kallonsa daga waje suke shigowa da kuɗinsu, kuma babu attajirin da zai yi barazanar ɗauke ƙungiyar zuwa wani birni idan ba a biya masa buƙata ba.

Da misalin ƙarfe 3 da kwata na yamma wasan rana kan tashi, motoci su ɗauki sa'a ɗaya ko fiye kafin su fice daga unguwar, magidanta su ƙirga abin da farfajiyarsu ta kawo, masu shara su hau bencina. A watan Yuli na kowace shekara kuwa, dubban masu hannun jari kan taru a kan waɗannan bencina domin babban taron shekara, shugabannin ƙungiyar su karanta masu abin da ranaku goman suka samar da abin da aka kashe. Babu wanda ke komawa gida da ko sisin kwabo na riba, domin abin da ya saura yana komawa ne ga gyaran fili da kuma asusun ajiya na ƙungiyar, wanda shi ne ya rufa mata asiri a shekarar da ƙofofin suka kasance a rufe.